Amsa ga ƙaninmu da ke tambaya ko ya koma koci

Ƙanina, Allah ya ba ka lafiya. Ka ce likita ya hana ka ƙwallo saboda idon sawu, shekararka 26, abokai kuma suna ta ce maka ka koma koci tunda ko Van Basten, tsohon ɗan wasan gaban Holand, haka ya yi. Sai da na ajiye wayar na ɗan zauna kafin na iya amsa maka, don ni ma ƙafar ce ta zaunar da ni.

Masu kawo maka misalin Van Basten ba su ƙarasa maka labarin ba. Ciwon nan tun yana Ajax ya fara, ya ci gaba da bugawa a kai. Da ya je AC Milan a 1987, wasa 11 kacal ya buga a gasar Italiya a kakarsa ta farko. Duk da haka ya ci wa Holand ƙwallon nan a ragar Tarayyar Sobiyet a wasan ƙarshe na kofin Turai na 1988, wadda har yau ake maimaitawa, ya karɓi Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, sau uku. To ina aka kwana? Wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai da Marseille a 1993, wanda Milan ta sha kashi 1-0, shi ne na ƙarshe a rayuwarsa, yana da shekara 28. Tiyata bayan tiyata, sai a 1995 ya haƙura. Mutumin da ke da manyan likitocin Turai ke nan fa.

Ni kuwa targaɗe aka ce mini. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu, ba zan kama sunansa ba, shi ya kawo mai allura har ɗakin da muke canza kaya, wai wasan kusa da na ƙarshe ne, ba a yi da ni ba sai wa. Ƙafa ta kumbura har takalmi ba ya shiga, aka sassauta igiya aka tura. Ban kai hutun rabin lokaci ba na ji ƙas. Yara biyu ne suka ɗauke ni, a bayan babur aka kai ni gida. Wallahi mutumin nan sau ɗaya ya zo duba ni, ya ajiye lemo a leda, ya ce Allah ya sawwaƙe. Kuɗin hoton ƙashi mahaifiyata ce ta sayar da akuyarta. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu yana dariya, wai "ɗan wasana". Ina gaishe shi don girmansa, amma Allah ya isa ban janye ba.

Ka daina zuwa wurin mai ɗori ana murɗa maka ƙafar, don Allah. Kuma kada ka bari kowa ya yi maka allurar kashe zafi.

Batun koci kuwa, ni na shiga da wuri, zuciyata ba ta huce ba, na riƙa yi wa yara tsawa don sun kasa abin da nake yi ido rufe. Shi Van Basten sai da ya yi shekaru nesa da fili. An ba shi kocin Holand a 2004, a kofin Turai na 2008 ya lallasa Italiya 3-0, Faransa 4-1, sai Rasha ta kore su. Ajax kaka ɗaya ya yi ya ajiye. Ya riƙe Heerenveen shekara biyu. A AZ Alkmaar a 2014, makonni kaɗan da farawa damuwa ta yi masa yawa, da kansa ya sauka ya koma mataimaki. Ni a wurina wannan ya fi ƙwallon 1988 jarumta, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

In za ka gwada, fara da 'yan ƙasa da shekara 13, ƙarƙashin wani, ka ga ko za ka iya tsayawa a bakin layi ba tare da ƙirjinka ya yi zafi ba. Kada ka saki sana'ar hannunka. Kuma ka rage zama gidan kallo kwana biyu, ni shi ya fi hana ni barci.

Wai wane ƙashi ne likitan ya ce ya taɓu, kuma ka kai hoton wurin wani likitan ya duba?