Tambaya da Amsa: Hatimin da ke jikin katakon lodi

Tambaya: Malam, ina sana'ar riɗi da zoɓorodo a Dawanau. Bana na samu mai saye a Turai, sai ejan ya ce katakon da za a jibga buhuna a kai cikin kwantena, wanda suke kira falet, dole ya zama mai hatimi. Kafinta zai buga mini irinsa da rabin kuɗin. Wani ma ya ce zai samo hatimin ya danna mini. Anya ba hanyar cin kuɗinmu ba ce kawai? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji, Allah Ya sa albarka a kasuwa. Ka sallami mai danna hatimin nan tun yau, kuma kada ka sake sauraronsa.

Abin da ake tsoro yana cikin katakon ne. Ƙwaro kan yi ƙwai a ƙarƙashin ɓawon itace tun yana daji, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta kutsa can ciki, ta zauna tana ci wata da watanni. A sare itacen, a tsaga, a buga ƙusa, tana nan da ranta. In ka ɗauki ɗanyen katako ka ga 'yan ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zuba daga ciki, to mai ɗakin yana nan. Feshin fiya-fiya ba ya isa gare ta, fenti ma haka.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu a kan wannan. A 1996 aka gano wani ƙwaro mai dogayen ƙahonni daga Asiya a unguwar Buruklin ta birnin Niyok, aka yi ta sare bishiyoyin bakin titi don a tsayar da shi. A 2002 kuma wani koren ƙwaro ya bayyana kusa da Ditiroyit a jihar Mishigan, ya kashe miliyoyin itatuwan da suke kira ash, har yau bai tsaya ba. Masana sun fi zargin katakon lodi da shigo da su duka biyun. Fotugal ma ta wayi gari a 1999 da wata tsutsa da ido ba ya gani tana busar mata da dazukan itatuwan da ake kira fayin. A ƙasarsa ta asali kowane ƙwaro yana da masu cinsa, amma in ya sauka inda babu su sai ya yi ta hayayyafa ba mai taka masa birki.

Shi ya sa a 2002 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, wato IPPC, wadda ke ƙarƙashin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15. Ta ce a ɓare katakon, sannan a gasa shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 ba yankewa, ko a turara shi da iskar kashe ƙwari da ake kira methyl bromide. Ka lura, tsakiyar katakon ake aunawa, shi ya sa shanya a rana ba ta wadatarwa ko da a watan Afrilu ne. Bayan haka ne kamfanin da aka ba lasisi zai buga hatimi: alamar zangarniya da haruffan IPPC, sai NG na Najeriya, sai lambar kamfanin, sai HT idan gashi aka yi ko MB idan turare ne. Lambar nan ita ce ke tona asirin jabu, domin ana iya bin ta har ƙofar wanda ya buga.

Idan kayanka suka isa tashar jirgin ruwa aka ga katako ba hatimi, ko aka ga tsutsa mai rai a cikin mai hatimin, hukumomin ƙasar suna da ikon tsare kwantenar, su ƙone katakon ko su juyo da kayan, kuɗin ajiya kuma yana hawa kanka kullum. Abin da ya fi damuna shi ne ba kai kaɗai za ka sha ba. Ku 'yan zoɓorodo kun tuna yadda Mekziko ta taɓa rufe wa Najeriya ƙofa saboda ƙwaron ajiya, mai laifi da marar laifi duk suka zauna da kaya a sito.

Ka je ofishin hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS, ka nemi sunayen masu lasisi, can ne ma za ka karɓi takardar shaidar lafiyar riɗin naka. Idan tsadar ce ta dame ka, falet na roba ko na filawud ba ya buƙatar hatimi, tunda roba ba itace ba ce, filawud kuma zafin injin da gam sun riga sun gama da ƙwaron cikinsa. Sai dai ka kula da guntayen itacen da lebura ke cusawa don tokare kaya, su ma dokar ta hau kansu, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa.

Tambaya: Zan tafi Umara, ina son in taho da ɗan dashen dabinon Madina in shuka a gida. Da matsala? Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah Ya karɓi ibada. Ki taho mana da dabino mu ci, amma ki bar musu dashen. Tun shekarun 1980 wani jan ƙwaro mai dogon baki ya shiga gonakin dabinon Saudiyya, kuma ta cikin irin wannan dashen ya haura Masar a 1992. Tsutsarsa tana cinye zuciyar bishiyar a ɓoye, ba a farga sai kan dabinon ya sunkuya. Ki tuna mutanen Bilma da Agadas da na Dutse da dabino ne abincinsu da kuɗin shigarsu. Idan irin kike sha'awa, cibiyar binciken dabino da ke Dutse a Jigawa tana raba dashen da aka raina a nan gida.