Kurkum da citta don kumburin gwiwa

'Yar'uwa, kin tambaya ko Inna za ta iya ajiye maganin asibiti ta koma kurkum da citta saboda kumburin gwiwa. A'a, kada ta ajiye. Ta riƙa sha a kunu, amma ƙwayar likita ta ci gaba.

Sinadarin kurkumin yana rage kumburi, sai dai hanji ba ya tsotse shi sosai, shi ya sa ake barbaɗa ɗan masoro. Haka nake dama wa tsohuwata a Argungu in hunturu ya kama, gwiwa ta hana ta ruku'u. Amma fa in Inna na shan maganin tsinka jini irin warfarin, a tambayi likita tukuna, don kurkum na iya jawo zubar jini.