Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin iska ko kwale-kwale?

Tambaya: Na ga ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a Legas, za a sayar mini kwance. Zai yi aiki a dam ɗin Goronyo? Daga wani ɗan kasuwa, Sakkwato.

Alhaji, a fara tambayar mai shi zurfin ruwan da jirgin ke buƙata. Irin wannan jirgi yana da wani ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa da ke hana iska kifar da shi, yakan nutse mita 1 ko fiye. Dam ɗin Goronyo, da aka kammala a 1984, ruwansa na ja da baya sosai da rani, gulbin Rima kuwa yashi ne ke bayyana. Jirgin zai iya kafewa. Sannan ranar bazara, mai wuce digiri 40, tana cinye ƙyallen da ke kama iskar, ga shi ba mai ɗinka maka sabo a nan kusa. Idan sha'awar ta matsa, a nemi mai ƙarfen da ake ɗagewa sama, a riƙa naɗe ƙyallen ana ajiyewa a inuwa. Ni dai da kuɗina ne, kwale-kwale zan saya.

Tambaya: Kwale-kwalen katako ko na faiba (wani nau'in roba mai tauri), wanne ya fi? Daga mai fito, Wamakko.

Malam, na katako ya fi araha, kuma kowane kafintan jirgi zai gyara maka shi. Ka tafi da Basarke ya duba: a ƙwanƙwasa katakon, inda ya yi taushi ya ruɓe, komai kyan fentin. Katakon maɗaci na jure ruwa. Kada ka bar shi a tudu cikin rana, katakon zai tsuke, haɗin ya buɗe. Kafin damina a cusa auduga a tsagogin, a bi da kwalta. Na faiba ba ruwansa da gara, sai dai tsada, in ya fashe kuma mai liƙe shi sai an nema.

In za ka ɗaura inji, lura da ɗan ruwan da yake tsartuwa ta baya. In ya tsaya, kashe injin nan take, wataƙila yashi ya toshe hanyar ruwan ko ya ci robar famfon da ke sanyaya injin. Kuɗin rigunan kariya masu hana nutsewa kuma a sa su cikin kuɗin jirgin tun farko, kowane fasinja da tasa, don hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta wajabta su, ta kuma hana fiton dare.