Amsa: Mai gida ya ƙi karɓar dalata a Goma

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na yi dariyar takaici. Ka ce kwananka huɗu a Goma da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, mai gidan haya ya dawo maka da dala ɗari biyu wai sun tsufa, kana tambaya ko damfara ce. Ba damfara ba ce, haka garin yake. Haya da manyan sayayya da dala ake yi, faran na Kwango na 'yan acaɓa ne da cefane. Takardar da ta ɗan yage ko aka taɓa ta da biro, babu mai kallonta. 'Yan canjin bakin titi za su karɓa, amma sai sun zaftare maka wani abu. Ka riƙa sa su cikin littafi, kada ka ninke.

Amma ka yi hattara da kuɗin ajiya na wata uku da suke karɓa kafin ka shiga gida. Ni nawa mai gidan, Allah ya isa. Takarda ɗaya-ɗaya ya riƙa ɗagawa a rana yana dubawa, sai da na je na nemo masa sababbi dal. Daren 22 ga Mayu 2021 dutsen Nyiragongo ya yi aman wuta, sama ta yi ja wur, muka bi ayarin mutane a ƙafa zuwa garin Gisenyi na Ruwanda, ni da fasfo da silifas kawai. Muna dawowa girgizar ƙasa ta tsaga bangon ɗakina, har hannu yana shiga. Bawan Allah nan ya ce ni zan gyara! Ni na girgiza ƙasar? Wata biyu ina masa sintiri, kullum "kesho", wato gobe. Da ƙyar ya ba ni kashi ɗaya cikin uku, kuma wallahi da yagaggun takardu, irin waɗanda ya ƙi karɓa a hannuna. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Don haka komai a rubuce, da shaida biyu, ka ɗauki hoton bango kafin ka tare.

Tun da 'yan tawayen M23 suka kama garin a Janairun 2025 aka rufe bankuna, mutane suka koma tura kuɗi ta waya, M-Pesa da Airtel Money, masu cire kuɗi kuma suna yanka son ransu. Kada ka bari aljihu ya bushe kafin ka nema.

Af, takalmi. Baƙin dutsen nan na titi cin takalmi yake kamar gara, ka nemi mai kaurin ƙasa. Ka sayi jarkoki, ga tafkin Kivu a gabanka amma famfo sai ya yi kwanaki shiru. In kana kusa da iyaka ka duba wayarka, takan kama layin Ruwanda ta cinye maka kati. Naman halal kuwa ka tambayi musulman unguwar Birere, su suka nuna mini mahauci. Wace unguwa ma ka kama gidan?