Aiki da rana, karatu a ƙarshen mako: ina lokacin zanen?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki daga Litinin zuwa Juma'a, ina kuma zuwa aji ranakun Asabar da Lahadi domin neman digiri. Wata biyar da suka wuce na fara wallafa labarin zane a intanet, na yi wa masu karatu alkawarin shafi uku kowane mako. Na cika alkawari na wata biyu, sai jarrabawa ta zo na yi shiru, yanzu kuma kunyar dawowa nake ji. Shin in haƙura har in kammala karatu, ko da yadda za a haɗa ukun?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ban ga dalilin da zai sa ka haƙura ba, ɗan'uwa, ko da yake na san za a sami masu ce maka taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Abin da ya kayar da kai shi ne alkawarin shafi uku, domin ka ɗauke shi ne kana duban makon da ya fi maka sauƙi, alhali jadawalin wallafa ana auna shi ne da makon da ya fi tsanani, wato makon da aiki ya riƙe ka har bayan magariba, malami ya ba da jinga, wutar lantarki kuma ta yi kwana biyu ba ta zo ba.

Kafin ka sake zana komai, ka ɗauki shafi guda ka sa masa agogo. Ka rubuta mintocin da tsara magana ya ci, da na zanen fensir, da na bin layi, da na shafa launi, da na saka rubutu a bakin 'yan wasa, har da na rage girman hoto da ɗora shi. Masu zane da yawa suna ƙirga lokacin zanen kaɗai, su manta da waɗannan ƙananan ayyuka na ƙarshe, waɗanda su ne suke cinye dare. A ce shafin ya ci awa biyar. Shafi uku awa 15 ke nan, kusan kwana biyu na aikin ofis, kai kuma idan ka faɗa wa kanka gaskiya, wataƙila awa shida ko bakwai ne suke hannunka a mako. Lissafin ya nuna shafi ɗaya, kuma shafi ɗaya da yake fitowa kowace Laraba ba fashi ya fi riƙe mai karatu a kan uku da suke zuwa yau su ɓace gobe.

Idan shafi ɗaya ya yi maka kaɗan, to salon zanen za ka rage wa nauyi. Randall Munroe ya fara wallafa labarin zanensa mai suna xkcd a 2005 yana aikin na'urorin mutum-mutumi (robot) a wata cibiyar hukumar NASA ta Amurka, mutanen da yake zanawa kuwa da'ira ce da 'yan layuka, ko fuska ba su da ita, shi ya sa fitowa sau uku a mako ta yiwu gare shi. Jorge Cham ya fara nasa a 1997 yana ɗalibin babban digiri a Jami'ar Stanford, da gajerun zane na 'yan akwatuna kaɗan a kan wahalar ɗalibai, wato abin da yake gani kullum, wanda bai buƙaci wani dogon bincike ba. A Japan ma, mai zanen da aka sani da ONE ya fara One-Punch Man a 2009 da zane mara kyan gani, labarin ne ya ja mutane, sai a 2012 Yusuke Murata ya shiga sake zana shi da ƙwarewa. A ganina, mai aiki da karatu ya fara da baƙi da fari, ya zana ɗaki ko titi sau ɗaya ya adana ya riƙa maimaita shi, ya bar cikakken launi ga bangon babi. Kada kuma ka auna kanka da manyan labaran dandalin Webtoon, wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya buɗe a 2004, domin masu yin su sana'arsu ke nan, kuma sau da yawa suna da mataimaka masu shafa launi da zana bayan fage.

Abu na gaba shi ne rumbu. Kada ka dawo sai kana da shafuka shida zuwa takwas kammalallu a ajiye, ta yadda idan jarrabawa ta zo za ka riƙa ɗiba daga ciki ba tare da ka taɓa alƙalami ba, idan an yi hutun zango kuma ka sake cika shi. Ni kaina na taɓa fitar da dukan abin da na tara a mako guda saboda zumuɗin yabon da nake samu, zazzaɓi ya kwantar da ni a mako na gaba, na rasa abin ɗorawa har wata guda.

Game da lokaci, ka raba aikin gwargwadon ƙarfin da kowane sashe yake nema. Tsara magana da 'yan zane-zanen gwaji masu girman kwalin ashana ana iya yin su a mota ko lokacin jiran malami, a littafin aljihu ko a waya. Zanen fensir yana son kai a sake, saboda haka minti 40 bayan sallar asuba sun fi awa biyu na tsakar dare amfani. Bin layi da launi aikin hannu ne, suna jure gajiya, sai a bar su zuwa dare. Manhajar ibisPaint tana aiki a waya, Krita kuma kyauta ce a kwamfuta, don haka rashin kayan aiki masu tsada ba hujja ba ce. Sai dai ka guji yin zanen a lokacin ofis ko a kwamfutar ofis, domin ban da zancen amana, akwai yarjejeniyoyin aiki da suke ba ma'aikata haƙƙin mallakar abin da aka samar da kayanta.

Zancen kuɗi ka ajiye shi tukuna. Dandalin Patreon, wanda aka kafa a 2013, yana ba masu karatu damar tallafa wa mai zane duk wata, amma wanda ya karɓi kuɗi ya ɗauki bashin cika alkawari, kai kuma yanzu sauƙi kake nema. Munroe ma bai koma zane gaba ɗaya ba sai a 2006, lokacin da ba a sabunta kwangilarsa ba, kuma ya riga ya tara masu karatu.

Kunyar da kake ji kuwa ta fi laifin girma, domin masu bin irin waɗannan labarai sun saba da hutu, abin da yake ɓata musu rai shi ne shiru babu bayani. Ka zana hoto ɗaya na gwarzon labarinka yana barci a kan littattafai, ka rubuta a ƙasa cewa jarrabawa ce ta riƙe ka, ka faɗi ranar dawowa da sabon tsarin shafi ɗaya a mako. Daga nan ka duba kalandar makaranta, ka sanya makonnin jarrabawa da goman ƙarshe na azumi a matsayin hutun da za ka sanar tun da wuri.