Tambaya da Amsa: Ina Rabon Tsoho da Mai Jinyarsa a Tsarin Gwamnatin Jiha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana fama da hawan jini, kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Ni ce babbar 'yarta, na ajiye sana'ata ta ɗinki domin in zauna da ita. 'Yan'uwana maza suna kawo abin da ya sawwaƙa, amma kuɗin magani ya fi ƙarfinmu. Shin gwamnatin jiha ta yi wa tsofaffi da masu jinyarsu wani tanadi, ko kuwa sai wanda ya yi aikin gwamnati? Daga wata mai karatu a Jihar Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri.

A rubuce, tanadin yana nan. Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kula da tsofaffi cikin abubuwan da hukuma za ta sa a gaba, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa, wadda ta ɗauki ɗan shekara 60 zuwa sama a matsayin tsoho. Amma asibitin da za ki kai Hajiya da ma'aikacin da zai duba ta duk suna hannun jiha da ƙaramar hukuma, saboda haka abin da Abuja ta rubuta ba ya isowa ɗakin mara lafiya sai jiha ta sa shi cikin kasafinta, ta kuma saki kuɗin.

Ƙofar da ta fi kusa da ke ita ce inshorar lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta lissafa tsofaffi cikin masu raunin da ya kamata a biya musu. Hukumomin jihohi ne ke yin rajistar: KADCHMA a Kaduna, KSCHMA a Kano, JICHMA a Jigawa. Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da lambar NIN ta Hajiya, ki tambayi shugaban asibitin ko ana rajistar masu rauni, ki kuma sanar da mai unguwa da kwamitin ci gaban mazaɓa, domin da su ake tantance mabuƙata. Guraben ba su da yawa. Idan sun cika, akwai tsarin masu sana'ar hannu da ake biya shekara-shekara, wanda ya dace 'yan'uwanki su haɗa kuɗi su biya mata.

Tallafin kuɗi na wata-wata kuwa ya danganta da jiha. Jihar Ekiti ta fara biyan Naira 5,000 ga tsofaffi mabuƙata 'yan shekara 65 zuwa sama a 2011, wanda ya nuna cewa jiha tana iyawa idan ta so. Illar irin wannan shiri ita ce yakan yi rauni idan gwamnan da ya kawo shi ya sauka.

Inda tsarin jihohinmu ya fi gazawa shi ne a kanki, ke mai jinya. Ana fakewa da cewa a ƙasar Hausa 'ya'ya ne ke riƙe iyayensu, kuma gaskiya ne, ba mai son a kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu. To amma wannan ɗawainiya kusan kullum a kan mace guda take faɗawa, 'ya ko suruka, wadda za ta bar sana'arta, ta ɗaga mara lafiya, ta yi mata wanka, ta wanke shimfiɗa, ta kwana ba barci, ba tare da wani ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta ji ciwon baya ba. A ganina, jihar da ta ɗauki tsofaffi da muhimmanci za ta fara ne da tura ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa ziyartar waɗanda ke kwance a gida, tunda da ma an tsara aikinsu domin shiga cikin jama'a, sannan ta samar da masu gashin ƙashi a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da keken guragu na aro, da gajeren horo ga masu jinya. Waɗannan ne ya kamata ku nema a wurin ɗan majalisar jiharku lokacin da ake sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi.

Kafin nan, ki riƙa juya Hajiya duk bayan awa 2 domin kauce wa gyambon kwanciya, kada a tsayar da maganin hawan jini don an ga sauƙi, kuma ki zauna da 'yan'uwanki a raba kwanakin jinya, domin kawo kuɗi kaɗai bai sauke musu nauyin ba.

TAMBAYA: Mahaifina tsohon malamin firamare ne, yanzu ba ya iya tashi, ga shi an kira 'yan fansho tantancewa. Idan bai je ba, za a tsayar da kuɗinsa? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Sashe na 210 na tsarin mulki ya kare fanshon ma'aikatan jiha daga a riƙe shi ko a rage shi ba bisa doka ba, ya kuma ce a sake duba shi duk bayan shekara 5. Duk da haka, wanda bai bayyana ba ana iya dakatar da sunansa, don haka kada ka jira ranar ta wuce. Ka rubuta wa hukumar fansho takarda tun yanzu, ka haɗa da rahoton likita da takardar ritayarsa, ka nemi a zo gida a tantance shi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, sannan ka kai wani kwafin ga reshen ƙungiyar 'yan fansho na ƙaramar hukumarku domin su bi maka sawu.