Lauya Ya Ce Bai Taɓa Faɗuwa a Kotu Ba: Ku Tambaya, Lauyoyinmu Su Amsa

TAMBAYA: Ana tuhumar ƙanena da cin amana a wata kotun majistare a Abuja. Wani ofishin lauyoyi ya ce mana kusan duk shari'ar da suka riƙe sun yi nasara, kuma in mun biya rabi yanzu, sauran sai sun fito da shi. In amince? Daga wani mai karatu a Kubwa.

AMSA: Malam, kafin ka ciro ko sisi, tambaye su me suke kira nasara, domin kalmar tana ɗauke da abubuwa da dama da ba ɗaya suke ba.

Samun beli ba ƙarshen shari'a ba ne. Ƙanenka zai kwana a gida, amma tuhuma tana nan, kuma ranar da ya ƙi zuwa kotu za a iya soke belin. Akwai kuma korar ƙara saboda masu gabatar da ita sun yi ta kasa kawo shaidu. Wannan sallama ce kawai, gobe ana iya sake kama mutum a gurfanar da shi kan wannan laifin dai. Iyalai da yawa sun yi walima a kan irin wannan, daga baya murna ta koma ciki. Abin da ke rufe magana shi ne kotu ta sallame shi ta kuma wanke shi, domin sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a sake yi wa wanda aka wanke shari'a kan laifi guda. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙwararren lauya ke bi ya kai nan ita ce, bayan masu ƙara sun gama kiran shaidunsu, ya nuna wa kotu cewa ba su kawo abin da ya isa a ce wanda ake tuhuma ya kare kansa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ake kira ACJA kuma ita ke aiki a Abuja, ta tanadi haka a sashe na 302.

Sai sasanci da masu ƙara a ƙarƙashin sashe na 270 na ACJA, inda mutum zai amsa laifi a sassauta masa. Sau da yawa shi ne mafita mai hankali, musamman in akwai kuɗin da za a iya mayarwa. Sai dai a gaya wa ƙanenka gaskiya: ya zama wanda kotu ta kama da laifi, kuma hakan zai bi shi wurin neman aiki ko biza.

Saboda haka ka nemi lambar ƙara biyu ko uku masu kama da taku da suka kammala, da kwafin hukuncin. Ofishin da ya yi aikin ba zai sha wahalar nuna maka ba. Batun biyan sauran kuɗi sai an yi nasara kuwa, ƙa'idojin aikin lauya a Nijeriya sun hana irin wannan yarjejeniya a shari'ar laifi, kuma lauyan da ya yi maka alkawarin hukunci ya yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. A rubuta kuɗin aiki a takarda, a fayyace ko ya haɗa da neman beli da kuɗin zirga-zirga, a kuma ba ka rasit.

TAMBAYA: An doki ɗana a caji ofis har ya sa hannu a takardar amsa laifin fashi. Yanzu yana gidan gyaran hali na Kuje. Shi ke nan ya halaka? Daga wata uwa a Nyanya.

AMSA: Hajiya, Allah Ya ba ki haƙuri. Bai halaka ba, amma lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce in aka yi iƙirarin an tilasta wa mutum, nauyi yana kan masu ƙara su tabbatar ba haka aka yi ba. Inda ake yin asara shi ne lokacin magana: dole lauya ya tashi ya ƙi amincewa a daidai sa'ar da ɗan sanda mai bincike ya miƙa takardar ga kotu. Nan alƙali zai tsayar da babbar shari'a ya yi wata ƙarama a kan yadda aka samo bayanin. In aka yi shiru har aka karɓa, gyara sai ya yi wuya.

Ɗanki ya faɗa wa lauya abin da ya faru daidai. "An tilasta mini na sa hannu" daban yake da "ba ni na yi wannan bayani ba". Na biyun ba ya hana kotu karɓar takardar, sai dai ta auna nauyinta a ƙarshe. Lauya ya binciki ko akwai lauya ko wani shaida lokacin ɗaukar bayanin kamar yadda sashe na 17 na ACJA ya tsara, ko an ɗauki bidiyo, da harshen da aka yi magana da wanda ya yi tafinta. A nemi rahoton asibiti tun tabo bai ɓace ba. In babu halin ɗaukar lauya, ki je ofishin Legal Aid, wato hukumar gwamnati mai samar wa mutane lauya, da ke Garki, aikinsu kyauta ne ga marasa ƙarfi.

TAMBAYA: An ce mace ba ta tsaya wa mutum beli. Gaskiya ne? Daga wata matar aure a Gwagwalada.

AMSA: Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa. Sashe na 167(3) na ACJA ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce. Ki tafi da katin shaida, da hotuna, da takardar da ke nuna adireshinki. Ki sani dai in wanda kika tsaya wa ya gudu, kotu za ta iya neman ki biya kuɗin da aka rubuta a takardar belin.